Balat da Fatih a Istanbul: tambayoyin da 'yan uwa ke yawan yi min kan yawon unguwar da zaman 'yan gudun hijira

Karatu ne ya fara kai ni Istanbul, daga baya na koma ina raka mutanenmu masu zuwa sarin kaya a Laleli, in sun gama ciniki an daure kaya an mika wa masu kago sai ranar da ta rage su ce Malam kai mu mu ga gari. Yawanci Balat nake kai su. Kuma kusan duk wanda na kai, kafin mu dawo masauki sai ya jefo min tambaya a kan 'yan Siriya, don ba yadda za a yi ka taka Fatih da kafa baka ci karo da maganarsu ba. Ga tambayoyin da aka fi maimaita min, da amsar da nake bayarwa.

Wai ina ne Balat din nan, me ya hada ta da Fatih?

Fatih ita ce gundumar da ta kunshi tsohon birni gaba daya, wato duk abinda ke cikin ganuwa, kamar dai ka ce cikin badala. Aya Sofiya, masallacin Sultan Ahmad, babbar kasuwa mai rufi, Laleli, Aksaray, duk Fatih ne. Sunan ma daga Sultan Muhammad Alfatih ya zo, wanda ya ci birnin a 1453. Balat kuwa unguwa ce a cikinta, ita da makwabciyarta Fener, suna kwance a gefen wani reshen teku da ya kutso cikin gari wanda Turkawa ke kira Halic. Kan tudu suke, layukan sirara ne masu dabe na dutse, gidajen hawa uku hawa hudu a manne da juna.

Daga Laleli yaya zan je?

Ka sayi Istanbulkart a na'urar da ke tasha ka zuba mata kudi, katin daya yana shiga taragu da bas da jirgin ruwa. Ka hau taragun T1 zuwa Eminonu, ka sauka ka canza zuwa T5 mai bin bakin ruwa, tasha ta uku Fener, ta hudu Balat. Ni na fi son a sauka a Fener a taka a fita ta Balat. Kar ka dauki tasi, cunkoson bakin ruwan nan zai cinye maka rabin yini. Kuma a sa takalmi mara tsini, Hajiyoyinmu musamman, don hawan tudun ba wasa bane.

Me ake gani a can, ba gidaje masu fenti bane kawai?

Gidajen fentin su ne suka cika Instagram, na layin Kiremit da na Merdivenli Yokush, za ka tarar da amare da 'yan yawon bude ido sun yi layi ana daukar hoto. Ka dauka kaima, ba laifi, amma minti goma ya isa. Abinda ya fi kama ni shi ne a tafiyar da bata wuce rabin awa ba za ka wuce wuraren ibada na al'umma hudu ko biyar. Akwai fadar babban limamin Kiristocin Girka a Fener, nan take tun wajen 1600, kuma mai rike da kujerar yanzu, Bartalomawus, tun 1991 yake kai. Kofar tsakiya ta fadar a rufe take tun 1821 da aka rataye limamin lokacin a bakinta, har yau ba a sake bude ta ba, ta gefe ake shiga. In ka daga kai sama za ka hango wani katon gini na jan bulo kamar gidan sarauta, makarantar Girkawa ce da aka gina a farkon shekarun 1880. A bakin ruwa akwai cocin Bulgariya wanda gaba dayansa karfe ne, a Vienna ta kasar Austria aka zuba sassansa aka kawo ta ruwa aka hada, aka bude a 1898. Cikin Balat kuma ga majami'ar Yahudawa ta Ahrida, daya daga cikin mafi tsufa a birnin, sai dai ba a shiga haka kawai sai an nemi izini tun kafin ranar. Kusa da ita ga masallacin Ferruh Kethuda, aikin Mimar Sinan ne babban maginin Daular Usmaniyya, karami ne mai natsuwa, a nan na saba tsayar da mutanena mu yi azahar.

To ina masu wadannan coci da majami'un, ai mu Musulmi kawai muka gani?

Wannan ita ce tambayar da nake so a yi min, don in ka gane amsarta zaka gane sauran maganar duka. Balat unguwar masu gudun hijira ce tun asali. A 1492 da sarakunan Sifen suka gama da Andalus suka kori Yahudawa, Sultan Bayazid na biyu ne ya bude musu kofa, da yawansu nan Balat suka sauka, suka yi shekara dari hudu da wani abu suna magana da wani tsohon Sifaniyanci a wadannan layukan. Fener kuma ta manyan Girkawa ce, masu kudi, wadanda suke yi wa Sultan tafinta da aikin jakadanci.

Karni na 20 ne ya kwashe su. A 1942 aka kakaba harajin dukiya wanda ya fi danne wadanda ba Musulmi ba, wanda ya kasa biya aka tura shi aikin karfi a gabashin kasar. Bayan 1948 Yahudawa da yawa suka tafi Isra'ila. Sai daren 6 zuwa 7 ga Satumba 1955, aka baza labarin cewa an sa bam a gidan da aka haifi Ataturk, wanda ya kafa Turkiyya ta zamani, a Salonika ta kasar Girka, gungun mutane suka fada wa shaguna da gidaje da cocin Girkawa a Istanbul suka farfasa dubbai a dare daya. A 1964 kuma aka kori masu rike da takardar kasar Girka saboda rikicin tsibirin Kuburus (Cyprus). Al'ummar da ta kai wajen mutum 100,000 a birnin yau 'yan dubbai kadan ne suka rage, makarantar jan bulon nan mai girman fada daliban cikinta basu da yawa ko kadan.

Gidajen da suka bari su ne talakawan da suka taso daga kauyukan bakin Bahar Aswad suka shiga, bayansu Kurdawa daga kudu maso gabas, musamman lokacin yakin shekarun 1990 da aka tashi kauyuka. Daga 2003 aka fara gyaran gidajen da kudin Tarayyar Turai, masu gidajen shayi da masu gwanjon tsofaffin kaya suka biyo baya. Sai 'yan Siriya suka zo suka kama ginshikin kasa da dakunan da suka fi lalacewa saboda su ne masu arha. Wato dattijon da zai zauna ya ce maka baki sun bata mana unguwa, sau da yawa shi kansa mahaifinsa da buhu a kafada ya shigo ta. Ba ina fada bane don in kushe shi, shi ma wahala ce ta koro shi, amma ni dai duk lokacin da na tsaya a layin nan wannan ne ke fara zuwa raina.

Ina ne ainihin wurin 'yan Siriyan?

In ka hau tudu daga Fener ka bi ta Carshamba ka nufi babban masallacin Fatih, a gefensa akwai kasuwar Malta. Nan ne mutane ke ce wa karamar Dimashka. Kanshin gahawa mai hel zai fara tarbarka, ga shawarma, ga falafil, ga tiren kunafa da halawar cuku, ga masu turare da masu sayar da busasshiyar mulukiyya wadda dai lalo ce tamu. Aksaray da Yusufpasha ma haka, gidajen cin abincin Halab sun jeru. Abincin ya fi na wuraren 'yan yawon bude ido arha nesa ba kusa ba, kuma mutanenmu sun fi jin dadinsa saboda akwai shinkafa da nama a wadace. In ranar Laraba ce ka hada da kasuwar mako da ke ci a layukan bayan masallacin, sunan unguwar Carshamba ma a Turkanci Laraba yake nufi.

Su nawa ne, kuma yaushe suka zo?

Rukunin farko ya tsallako iyaka ta lardin Hatay a karshen Afrilun 2011, mutum wajen dari biyu da hamsin. Kowa a lokacin gani yake wata uku ne ko shida Assad, shugaban Siriya na lokacin, zai fadi su koma. Zuwa 2021 wadanda aka yi wa rajista sun kai wajen miliyan 3.7, babu kasar da ta kai Turkiyya yawan 'yan gudun hijira a duniya a shekarun nan, Istanbul kadai ta dauki sama da 500,000. Kuma kaso kadan ne kawai ke sansani, sauran duk cikin gari suke suna biyan haya kamar kowa.

Wani abu da mutane basu sani ba, a dokar Turkiyya su ba 'yan gudun hijira bane cikakku. Kasar ta sa hannu a yarjejeniyar Janiba ta 1951 kan 'yan gudun hijira amma da sharadin cewa wanda ya gudo daga Turai kadai za ta ba wannan matsayi. Don haka 'yan Siriya aka sa su karkashin abinda ake kira kariyar wucin gadi, wadda aka tsara dokarta a 2014. Katin da ake basu, kimlik, a daure yake da lardin da aka yi maka rajista, a can zaka ga likita, a can yaranka zasu shiga makaranta, in zaka fita lardin sai da takardar izinin tafiya. Wanda aka rubuta a Urfa amma aiki ya kawo shi Istanbul kullum a tsorace yake.

Gaskiya ne Turkawa sun tsane su?

Kalmar tsana ta yi fadi, amma in na ce maka lafiya lau ake na yi maka karya. A farko kalmar da aka rika amfani da ita ita ce misafir, bako kenan. Shugaba Erdogan kuma ya yi ta maimaita cewa mu Ansar ne su Muhajirai, kuma wallahi mutane da yawa sun dauki wannan da gaske, na ga makwabta sun hada wa iyali katifa da tukwane da murhun dumama daki cikin yini daya ba tare da wata kungiya ta sa su ba. Matsalar kalmar bako ita ce bako ana sa ran zai tafi. Mu ma muna cewa bako raba ne, to yaya kenan in rabar ta shekara goma sha uku bata bushe ba, ta haifi 'ya'ya dubban daruruwa wadanda Turkanci ya fi zama a bakinsu fiye da Larabci.

Sai tattalin arziki ya karye. Daga 2018 lira ta fara zubewa, a Oktoban 2022 hauhawar farashi a lissafin gwamnati ma ta haura kashi 85 cikin dari, kudin haya a Istanbul ya ninka ya sake ninkawa. Talakan Baturke mai dinki a karamar masana'anta yana gani an dauki dan Siriya a rabin albashinsa ba inshora ba komai, don duk da an bude hanyar izinin aiki a 2016 yawanci ba tare da ita suke aiki ba. Mai masana'antar ne ya ci ribar, amma fushin a kan yaron da ke kan keken dinki yake sauka, an bar jaki ana dukan taiki. 'Yan siyasa kuma suka ga kasuwa ta bude. A 2021 Umit Ozdag ya kafa jam'iyyar Zafer wadda kusan duk manufarta korar baki ce, a shekarar kuma magajin garin Bolu ya fito ya ce zai ninka wa baki kudin ruwan famfo sau goma. A zagaye na biyu na zaben 2023 dan takarar adawa Kilicdaroglu ya cika tituna da alluna masu cewa 'yan Siriya zasu tafi. Ka yi tunanin yaro dan shekara goma da aka haifa a Fatih yana wuce wannan allon kullum a hanyar makaranta, kuma ya iya karanta shi sarai.

Duk da haka kar ka dauka kowa haka yake. Akwai lauyoyi Turkawa da ke bin shari'ar wadanda za a kora kyauta, akwai malaman makaranta da ke tsayawa bayan an tashi suna koya wa yaran karatu, akwai auratayya. Sau da yawa ma mutum daya ne zai zagi 'yan Siriya a dunkule da safe, da yamma ka gan shi yana shan shayi da makwabcinsa dan Halab yana ce maka ai wannan daban ne, mutumin kirki ne.

An ce gwamnati na biyansu albashi, suna shiga jami'a ba jarrabawa?

Wannan zaka ji shi a bakin direban tasi tun kafin ku bar filin jirgi. Tallafin da aka fi magana a kai katin kungiyar agaji ta Kizilay ne, wato Red Crescent ta Turkiyya, kudinsa kuma daga Tarayyar Turai yake, cikin yuro biliyan 6 da aka yi alkawari a yarjejeniyar Maris 2016 wadda Turkiyya ta amince ta tare masu tsallakawa Girka. A shekarun farko lira 120 ne a wata ga mutum daya, kuma ba kowa ke samu ba sai iyalan da suka cika sharudda. Jami'a kuwa jarrabawar dalibai baki suke rubutawa, irin wadda yaranmu ma ke rubutawa. In direba ya fara wannan zancen ba sai ka yi musu da shi ba, amma kar ka dauko ka kawo gida a matsayin labari.

An taba kai musu hari kuwa?

An taba, ba sau daya ba. A Agustan 2021 a Altindag da ke Ankara, bayan an kashe wani matashi Baturke a fada, daruruwan mutane suka shiga unguwar 'yan Siriya suna jifan gidaje suna fasa shaguna suna kifar da motoci. A karshen Yunin 2024 aka yi mafi muni a Kaisari bayan an zargi wani dan Siriya da cin zarafin karamar yarinya, aka kona shaguna da motoci, abin ya yadu zuwa wasu garuruwa, aka kama daruruwa. Laifin mutum daya, a hukunta dubbai. Wanda ya san abinda ya faru a Fener a 1955 ba zai kasa ganin kamannin ba.

A Fatih kanta ni ban taba ganin irin wannan ba, kuma kai mai yawon kwana biyu da wuya ka ga wani tashin hankali. Abinda ake yi a nan a hankali ake yinsa, mai gida ya ce baya ba bako haya, a sauke allon shago saboda rubutun Larabci ya yi yawa, mace ta yi shiru a bas don kar a ji harshenta.

Ni bakar fata ne, yaya za su kalle ni?

Ya danganta da abinda suka dauke ka. A Laleli kai kwastoma ne mai dala, za a kawo maka shayi a karamin kofin gilashi a kira ka abi, wato yaya, Hajiya kuma a ce mata abla, wasu masu shagon har 'yan kalmomin Hausa sun tsinta. A Balat kai dan yawon bude ido ne, yara zasu bi ka suna kiran sunan dan kwallon da suka sani, tsofaffi su tambaye ka Musulmi ne, in ka ce Alhamdulillah fuskarsu ta sake. Wannan karamcin na gaske ne, ban taba shakkarsa ba. Amma bako na kwana uku daban, wanda ya zo zama daban. Ka gangara Kumkapi da yamma ka ga 'yan Senegal masu tallan agogo da turare, da 'yan Somaliya, da 'yan Najeriya da ke kwana su takwas a daki daya suna dakon kaya a kamfanonin kago, ka tambaye su, labarinsu ba irin naka bane. Ni kaina lokacin da nake neman daki na sha kiran lambar da ke jikin allo, a waya a ce akwai, in na iso a ga fuskata a ce yanzun nan aka kama.

Kuma kowane dan Najeriya da ya dade a garin ya san sunan Festus Okey, matashin da ya zo neman kungiyar kwallo, harsashin dan sanda ya kashe shi a cikin ofishin 'yan sanda na Beyoglu da ke Istanbul a Agustan 2007, shari'ar ta yi sama da shekara goma ana jan ta. Turkawa masu kare hakkin baki ne suka hana a manta da sunansa, wannan ma a fada.

Sai na rika yawo da fasfo kenan?

Eh, ainihin fasfon, ba hotonsa a waya ba. Tun 2023 aka baza motocin binciken takardu a wuraren da baki suka fi yawa, Aksaray da Eminonu na ciki, ana duba yatsa a nan take. Wanda bizarsa ke da rai minti biyu ne ya wuce. Wanda tasa ta mutu kuwa cibiyar tsare wadanda za a mayar gida ake kai shi, kuma fitowa daga can ba karamin aiki bane. Don Allah kar wani ejan ya rude ka da cewa ka shigo da bizar yawo ka zauna za a gyara maka daga baya.

In ina son zama na karatu ko kasuwanci, zan iya kama haya a Fatih?

Ka bincika sosai kafin ka ba kowa kudinka. Tun farkon 2021 aka rufe Fatih da Esenyurt ga sabbin masu neman takardar zama, ikamet, a 2022 kuma aka fadada abin zuwa unguwanni sama da 1,000 a fadin kasar, duk inda baki suka haura kashi 20 cikin dari. Akwai wadanda aka kebe kamar wasu dalibai, kuma jerin yana canzawa, don haka ofishin kula da baki na makarantarka ko hukumar shige da fice ne zasu gaya maka halin da ake ciki a ranar. Dillali zai karbi kudinka ya baka mukulli, sai ka je rajistar adireshi a ce unguwar a rufe take.

Larabcin da na iya zai yi min amfani?

A Malta da Aksaray sosai ma, har ragi zai jawo maka, kuma suna murna in suka ji dan Afirka na Larabcin littafi. Amma da Baturke kar ka fara da shi, wasu suna jin haushi a dauka su Larabawa ne. Sallama dai ta kowa ce. Ka rike teshekkurler, na gode kenan, da kolay gelsin wadda ake ce wa duk wanda ka tarar yana aiki, daidai take da sannu da aiki tamu, kuma tana bude fuska fiye da yadda kake zato.

Yaran da ke bin mutane a layukan Balat fa, a basu kudi? A dauke su hoto?

Hoto dai a'a, sai da yardar iyayensu. Wadannan gidajen mutane ne ke kwana a ciki, shanyar da ka gani an ja daga taga zuwa taga kayan wani ne, kuma akwai iyalan da hoto a intanet zai iya jawo musu matsala ta takardu ko ta dangin da suka bari a gida. Yaran ma ba duka 'yan Siriya bane, akwai Kurdawa akwai 'yan kabilar Roma da ake kira Gypsy. Mu da muka ga yaran da rikicin Boko Haram ya watso Maiduguri da Diffa mun san yadda ido ke sabawa da irin wannan har ya daina gani. In zuciyarka ta motsa ka saya musu simit, wato burodi mai ridi, ko miya a shagon kusa, ko ka yi cinikinka a shagon iyayensu, ya fi ka ciro lira a tsakiyar layi yara ashirin su rufe ka.

Yanzu da Assad ya fadi ba sun koma ba?

Ranar 8 ga Disamba 2024 harabar masallacin Fatih ta cika makil da masu tutar 'yan adawar Siriya mai taurari uku, ana kabbara ana kuka. Daga ranar zuwa yanzu dubban daruruwa sun koma, adadin masu katin kariya ya sauko kasa da miliyan 3 sosai, kuma ana ganin alamar a Malta, wasu shagunan sun canza hannu. Amma da yawa suna nan. Wani gidansa a Halab ko Hims kasa ce kawai ta rage, wani yaransa suna aji na karshe a sakandare basu iya rubutun Larabci ba, sama da 200,000 kuma sun riga sun zama 'yan kasa. Wani mai gasa kunafa da nake saye a wurinsa ya ce min ya je ya gano gida ya dawo, a can ana ce masa Baturke a nan ana ce masa dan Siriya, ya ce zai jira 'yarsa ta gama makaranta tukuna ya yanke shawara.

In lokaci ya rage, ina zan karasa?

Ayyub Sultan, kar ka bari a baka labari. Daga Balat ka koma kan T5 ka ci gaba, tashoshi kadan ne, ka wuce Ayvansaray inda ganuwa ta kare, ka sauka a tashar Eyupsultan. A nan kabarin Sayyidina Abu Ayyub Al'ansari yake, sahabin da taguwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta durkusa a kofar gidansa ranar da ya iso Madina yana mai hijira, ya sauke shi wajen wata bakwai har aka gama ginin masallaci da dakuna. Da tsufansa ya biyo rundunar da ta zo yakin birnin nan a zamanin Mu'awiya, ya rasu a bakin ganuwa aka binne shi a nan, bayan 1453 aka gano wurin aka gina masallaci. Mutumin da ya fi kowa shahara da saukar mai hijira shi ne kwance a kan wannan layin taragun, kuma a harabar zaka ga Baturke da dan Siriya da dan Uzbekistan da namu duk a sahu daya. Ranar Juma'a da asubar Lahadi cika yake yi sosai, in kana son natsuwa ka je da hantsin ranar aiki. Mata su tafi da mayafi babba, kofar ziyararsu da wurin sallarsu a gefe suke, takalmi kuma akwai leda a bakin kofa da ake sawa a rike a hannu.